Ƙauyen da muka taso a ciki: ina gandu, ina gayya?

Mushe Laminu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, ina so mu da muka taso a ƙauyukan gulbi mu baje ta a faifai. Duk inda aka zauna hira aka ce ƙauye ba kamar da ba, sai a ɗora laifin a kan salula da babur da yaran zamani. Ni ban yarda ba. Abin da ya sauya ƙauye shi ne ƙasa ta yi mana kaɗan, sauran duk biyo baya suka yi.

A garinmu, kudu da Madarumfa, gidanmu gandu ɗaya ne: kakanmu, 'ya'yansa maza, matansu, da mu jikoki. Da sassafe a fita gonar gandu, ba mai ɗagowa sai rana ta take tsaka an kawo hura. Bayan azahar kowa ya nufi gamanarsa, wato 'yar gonarsa ta kansa, saurayi da tasa, kowace mace da tata. Hatsin gandu rumbun tsoho yake shiga, kuma ba a buɗe babban rumbu sai damina ta kankama, lokacin da aiki ya fi yawa abinci ya fi ƙaranci. Bayan gari kuma akwai maiso, gonakin da aka bari su huta shekara da shekaru, kalgo da sabara sun rufe su. Can muke kora awaki, can muke tsinkar magarya da kanya har bakinmu ya yi tsami. Gona ta gaji a bar ta, a sari wata.

Yau ku je ku gani. Daga bakin garinmu har bakin garin gaba shuka ce ta haɗe, ba inda akuya za ta sa baki. Ƙidayar 1988 ta samu mutum kusan miliyan 1 da dubu 400 a jihar Maradi ta Nijar, ta 2012 ta samu miliyan 3 da dubu 400. Ƙasar kuwa ba ta ƙaru da ko taku ɗaya ba. Gonar kakanmu an raba ta gado, an sake rabawa. To wa zai kira gayya a gonar da mutum ɗaya zai nome kafin azahar?

Alhaji Mamman na Tsibiri:
Wa alaikumus salam Mushe. Ka kai ni nesa. Mu wajen Tsibiri in anka kira gayya, tun da jijjihi za ka ji gangar noma. Samari su jera kowa da kuyyarshi, makaɗi shina bin bayan wanda ya hi zahin nama shina mai kirari, 'yan mata na zuwa da ƙoren hura bisa kai. Wanda anka bari baya ranar ba ya da bakin magana a dandali. Kuma ba kuɗi aka biya ba, abinci ne da goro, gobe kai ma a zo maka.

Amma kada a manta da gujiya, don ita ta riƙe ƙauye zamanin. Da kaka in anka buɗe kasuwar gujiya, motocin SONARA, kamhwanin sayen gujiya, suna kwasa, buhuhuwa tsibi-tsibi a bakin sikeli. Da kuɗinta aka biyan haraji, a yi tuhwahin Salla, a yi aure. Hatsi na ci ne, ba a taɓa shi. Da hwarin 1973 da 1974 ya zo, sannan cuta ta hwaɗa wa gujiya a 1975, nan ne mutane sunka koyi sayar da hatsin rumbu don biyan buƙata. Ni daga nan nike ƙirga lalacewar gandu. Ranar da ɗa ya ga tsoho ba ya iya biya mai haraji balle ya yi mai aure, mi zai zaunar da shi ƙarƙashin tsoho?

Mushe Laminu:
Alhaji wannan gaskiya ne, kuma bai saɓa da tawa ba. Gujiyar ma ai ita ta ci maiso da yawa, kowa yana faɗaɗa gona saboda kuɗinta.

Hajiya Rabi:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma ina ganin girmanku iyayena, amma ƙauyen da kuke ba da labari ƙauyen maza ne. Hurar nan da ake kai muku gona, kun taɓa tambayar ƙarfe nawa aka tashi don a yi ta? Ni a ƙasar Mayahi na taso. Kiran sallar farko innarmu tana bakin turmi: sussuka, sheƙa, surfe, wanki, daka, sannan ta ɗauki tulu. Rijiyarmu mai zurfi ce ƙwarai, igiyar kaba ta cinye tafin hannun matan garin kaf, in ka gaisa da tsohuwa za ka ji kanta. Bayan ta kai hura ta shiga gandu ta yi nata aikin, da yamma ta je gamanarta, ta dawo da itace a kai, ta ɗora tuwo. Goyo yana baya duk tsawon wannan.

Kuma ku faɗi na ƙyanda da sanƙarau. Idan bazara ta shigo da ƙyanda, akwai gidan da za a fitar da yara biyu a mako guda. Innarmu ta binne 'ya'ya kafin ni da bayana, ba ta taɓa ganin likita ba sai da ta tsufa. Kurkunu kuwa da damina yake kwantar da majiya ƙarfi, daidai lokacin noma. Yau an raba ƙasar nan da kurkunu, tun 2013 hukumar lafiya ta duniya ta tabbatar. Tun 2006 aka ce yara 'yan ƙasa da shekara biyar a duba su kyauta, ko da sau da yawa maganin sai ka saya. Akwai injin niƙa, akwai famfo. Ni dai ba na kewar turmin asuba, kuma ban san macen da ke kewarsa ba.

Alhaji Mamman na Tsibiri:
Ɗiyata ba ki yi ƙarya ba. Allah Shi jiƙan iyayenmu mata, Shi saka masu da aljanna.

Hajiya Rabi:
Amin Baba. Amma inda nake tare da Mushe shi ne maganar gamana, kuma nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Duk wahalar da innarmu ta sha, tana da gonarta. Wakenta da gujiyarta da kuɓewarta nata ne, ba mai tambayarta. Da su ta sayi jar akuya, irin tamu ta Maradi mai haihuwar tagwaye, akuya ta zama tunkiya, tunkiya ta zama kayan ɗakina. Yanzu a ƙauyukan kudu, wajen Madarumfa da Jiratawa, amarya tana shiga gida ba a yanka mata ko kuyya ɗaya, don mijin ma abin da ya gada bai ishe shi ba. Ta zauna ba gona ba jari, sai ta ɗora wa 'yarta talla. Mace ta huta da daka, amma an raba ta da rumbunta.

Malam Habu:
Hajiya a yi hattara. Zaman mace a ɗakinta ba zalunci ba ne, karatu ne ya yawaita mutane suka gane haƙƙin ciyarwa a kan miji yake. Da can jahilci ne ya sa mata suke wuni a rana tare da maza. Mu tuna a ƙauyukan nan har buɗin daji ake yi da yanke-yanke kafin shuka. Alhamdu lillahi yanzu kowane gari da masallacin Juma'a da islamiyya. Wannan ci gaba ne, ba a sa shi a layin asara.

Hajiya Rabi:
Allah gafarta Malam, ban ja da addini ba. Tambayata ita ce, me ya sa a arewa, wajen Dakoro inda fili bai ƙare ba, mata suna nomansu har gobe, su ma kuma Musulmi ne? Sai inda gona ta yi kaɗan ne ake tuna cewa mace ba ta fita. Idan miji ya ce ta zauna, to ya cika rumbu. Kuma tun da karatu ya yawaita, a ba mata gadonsu na gona yadda Allah Ya raba, a daina ce musu ai ɗan'uwanku yana riƙe muku.

Malam Habu:
Wannan ta ƙarshe ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Cin gadon mace haramun ne, kuma muna faɗa a wa'azi.

Nura mai kabu-kabu:
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki. Mushe na gode da ka ce ba laifinmu ba ne, don kullum mu ake zagi, wai mun guje wa noma mun zo birni muna tayar da ƙura. Ni daga wajen Agye nake. Mu bakwai ne maza a wurin babanmu, gonar da ya bari in an raba kowa ba zai samu abin da zai ba shi dami goma ba, ga ƙasar ta mutu sai an sa takin zamani, buhun taki kuma kun san kuɗinsa. Hatsin da muke samu ba ya kai mu tsakiyar rani. Da kuɗin babur ɗin nan nake aika musu tiya-tiya har a kai ga sabon hatsi.

Sa'o'ina da muka yi langa tare, wasu suna Libiya, wasu Aljeriya, wasu sun tafi haƙar zinariya Jado. Da aka ce zinariya ta fito a Garin Liman wajen Ɗan Isa, garinmu kusan ba saurayin da bai je ba, kuma kun ji yadda rami ya rufta a watan Nuwamban 2021, mutum aƙalla 18 suka rasu. Ba wanda yake shiga ramin nan don yana ƙin hauya. Ni ma na tarar da ɗan sauran daɗin ƙauye, gaɗa da farin wata, tashe da azumi, tatsuniyar kakarmu muna ɓarar gujiya. Ina so ɗana ya ga irin wannan. Amma da rani in ka shiga garinmu tsofaffi ne da mata da yara, wa zai buga wa wani ganga?

Baba Ɗan Ladi:
Jikana ne yake rubuta mini wannan. Ina gaida kowa. Ni ina ƙauye har yanzu, ban taɓa barinsa ba, saboda haka bari in faɗi abin da ku na birni ba ku lura da shi ba. Itace ya dawo.

Lokacin da kuke yara kuna ganin kalgo a maiso, gonakin da ake nomawa fa ƙwal suke. An koya mana cewa manomin kirki shi ne wanda ya share gonarsa tas, ya tumɓuke kututture ya ƙone. Kuma itacen da ke gonarka ba naka ba ne, na gwamnati ne, ka sari reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara, to wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Zuwa shekarar El Buhari, 1984, da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya, in ka tsaya bakin gari kana hango garin gaba ba abin da ya tare maka ido. Iska ta taso ta binne shuka, ka sake shukawa, ta sake binnewa. Shekarar nan mun ci anza, sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya fita. Mun ci jiga da tafasa ba gauraye.

A lokacin ne wani bature ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan a Maradi, ya zo da maganar sassabin zamani. Ba dashe ba ne. Kututturen da ke tohuwa kowace shekara muna sarewa, shi za ka zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sassabe sauran, ka riƙa yi musu aski suna miƙewa. Da farko don abincin da ake rabawa mutane suka yi, da abincin ya ƙare da yawa suka sare. Waɗanda suka bari kuwa aka ga gonarsu ta fi. Yanzu gonata gawo ne da kalgo da aduwa. Gawo da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa, kuma duk wanda ya yi noma ya san zangarniyar gindin gawo ta fi ta ko'ina. Da rani 'ya'yansa abincin tumaki ne. Matan gidana ba sa tafiyar rabin wuni neman itace kamar uwayensu. Masu bincike sun ce abin ya kai hekta miliyan 5 tsakanin nan da Damagaram. To a rubuta wannan ma cikin abin da ya sauya.

Mushe Laminu:
Baba Allah Ya ƙara girma. Ka ga ko wannan ma ƙarancin ƙasa ne ya koyar da shi. Da babu maiso, dole aka shigo da dajin cikin gona.

Bello Ardo:
Baba Ɗan Ladi ka yi magana mai kyau, amma itacen nan da ya dawo yana da mai shi, dajin da kuwa na kowa ne. Ni Bafulatani ne, a bakin Gulbin Kaba aka haife ni cikin goruba, Hausa na tashi da ita kamar ku. Da can bayan an kwashe amfanin gona manomi ne yake zuwa wurin babanmu yana roƙo a sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar masa taki, har ya haɗa da damin hatsi. Innata ta shiga gari da ƙwaryar nono ta fito da ƙwaryar hatsi, kowace Bafulatana da ƙawarta Bahausa da take sauka a ɗakinta. Yanzu kara ma kwashe shi ake yi a ɗaure a sayar, harawa a ɗora bisa itace, don kowane manomi yana da nasa bisashe. Burtalin da garke biyu suke wucewa ba su gogi juna ba, an ci shi daga dama an ci daga hagu. Mashaya an kewaye ta da lambu. Mun san rikicin manoma da makiyaya da ya faru a Toda a 1991, an rasa rayuka fiye da 100, yawanci mata da yara. Allah kada Ya maimaita mana. Tun 1993 aka yi dokar filayen karkara, aka kafa kwamitocin kula da filaye da ake kira COFO, an kafa duwatsu a wasu burtulan, kuma inda aka kafa ana samun sauƙi. Inda ba a kafa ba kowace damina da fargaba muke wucewa.

Zainabu 'yar Gabi:
Ina ta karantawa ban ce komai ba. Mushe, ka ce komai daga ƙasa ya taso. A wajenmu ba haka ba ne. Mu gonar tana nan, zuwa ne ba ya yiwuwa. Dajin Baban Rafi da muke shiga muna yara neman ɗorawa da zuma, har iyayenmu suna ba mu labarin giwaye, yau wa zai tura ɗansa? Tun wajen 2019 da 'yan gudun hijira suka fara shigowa daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, barci ya ƙaurace wa garuruwan bakin iyaka. A kore shanun huɗa da dare, a ɗauki mutum a ce a kawo kuɗin fansa, dangi su sayar da gona su karɓo shi. Yayata da magariba take ɗaure awakinta a cikin ɗakin da take kwana. Wanda ya samu ɗan hali ba ya son a sani, ko rufin kwano yana tsoron yi. Dandalinmu ba salula ce ta kashe shi ba, ba kuma rabon gado ba. Tsoro ne.

Mushe Laminu:
Ƙanwata, wannan ba ni da abin cewa a kai sai addu'a. Allah Ya kawo mana ƙarshensa. Na san yankinku nauyinsa daban ne.

Alhaji Mamman na Tsibiri:
Amin. Ga kuma gulbi da ba a yi maganarshi ba. Gulbin da ya ci tsohon garin Maradi a 1945 har anka tashi anka hau tudu, da shina malala hwadama shi bar laka, ruwa ya janye a shuka taba da rogo da dankali ba ban ruwa. Mu yara muna kamun tarwaɗa da hannu a kududduhi. Tun da anka yi madatsar Jibiya bisa gulbin, can Najeriya, wajen farkon shekarun 1990, ruwan ba ya zuwa kamar da. Yanzu sai mai injin ban ruwa da kuɗin mai.

Nura mai kabu-kabu:
Alhaji tun da ka ambaci masu kuɗi, akwai abin da ba a faɗa ba. Gonakin da ake sayarwa, su wa ke saye? Alhazan birni ne da manyan ma'aikata. A wajenmu duk gonar da ka ga an zuba aya mai yawa an sa taki buhu-buhu, ta mutumin Maradi ce, kuma mai gonar na da shi ne yake yi masa ƙwadago a cikinta. Yayyena yanzu haka suna maganar a sayar da tamu a raba kuɗin, ni kaɗai nake ja.

Alhaji Mamman na Tsibiri:
Ɗana, ni ma na sayi gona, ba ni ɓoyewa. Amma ban taɓa zuwa ƙohwar wani na ce ya sayar mini ba. Su ka zuwa, wani matarshi na asibiti, wani za shi aurar da ɗiya, wani an ɗauke mai ɗan'uwa. In ka ƙi saye ya tahi wurin wani da zai taya ta da arha.

Hajiya Rabi:
Baba ba a ce ka ƙwace ba. Amma wanda ya sayar da gona don ciwon wata ɗaya, shi da jikokinsa sun fita daga noma ke nan har abada. Nura, kuna da 'yan'uwa mata? Idan kuna da su, ba a isa a sayar ba sai da yardarsu, su ma suna da rabo a ciki.

Nura mai kabu-kabu:
Muna da su huɗu Hajiya, kuma ba wanda ya tambaye su.

Baba Ɗan Ladi:
Yaro, ka je gida da kanka, kada ka yi wannan magana ta waya. Ka fara da 'yan'uwanka mata da kawunku, sannan ku zauna da yayyenka. Idan matsuwa ce ta sa su, ku ba da jingina kada ku sayar, ran da kuka samu kuɗin ku karɓi abinku. A yi ta gaban mai gari da liman da shaidu, a rubuta takarda a kai wa COFO su buga hatimi, don jinginar baka in ta daɗe wanda ya riƙe yakan ce saye ya yi. Kuma a rubuta cewa itatuwan da ke ciki ba a ba shi izinin sarewa ba.